Minna a Katin Gidan Waya: Garin da Ya Juya wa Tasha Baya

Katuna biyar ne, a ɗaure da zare, a ƙasan akwatin ƙarfen kawuna, tsakanin takardar sallamarsa daga aikin reluwe da wani tsohon littafin ajiya. Ga wanda bai riski zamanin ba, katin gidan waya takarda ce mai kauri, gabanta hoto, bayanta an raba shi biyu: gefe na saƙo, gefe na adireshi da kan sarki. Ba a sa shi cikin ambulan, don haka duk hannun da ya bi yana iya karanta shi. Daga Minna aka aika waɗannan zuwa Zariya, ga wani akawun jirgin ƙasa wanda ya bar wa kawu su da zai koma garinsu.

Huɗu daga cikinsu suna ɗauke da kan Sarkin Ingila Joji na Biyar, wanda ya yi mulki daga 1910 zuwa 1936. Na biyar kuwa kan Sarauniya Elizabeth ne. Na zauna ina neman babban titin Minna a cikin huɗun farko, wato wannan doguwar hanya da ta taso daga Chanchaga ta ratsa Tunga, ta zagaya shataletalen Mobil ta miƙe zuwa Bosso. Ban gan ta ba. Abin da ke akwai shi ne tasha, da layukan dogo suna rabuwa, da rumfar kaya mai rufin kwano, da buhuna jibge a gefen tarago. Da farko na ɗora laifin a kan mai ɗaukar hoton. Daga baya na gane bai yi kuskure ba: a wancan zamani layin dogo shi ne babban titin garin.

Kafin zuwan jirgi, Gbagyi ne ke zaune a kan duwatsun wurin, suna noma a gindinsu. Turawan mulki sun fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, zuwa Kano a 1907, aka kammala a 1911. Layin da ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru ya zo ya haɗu da shi a Minna. Mahaɗa kuwa ba ta zama babu mutane. Leburori da magina da akawuna da fatake suka sauka, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, kowa ya kafa bukka inda ƙafarsa za ta kai shi tasha kafin jirgi ya yi kuka. Gyaɗa da auduga da doya da ƙwarar kaɗanya suka riƙa taruwa nan kafin a loda su. Sunayen unguwanni irin su Kwangila da Makera da Limawa da Sabon Gari har yau suna faɗin sana'a ko matsayin waɗanda suka fara zama a cikinsu.

Abin lura shi ne, ba Minna aka yi wa tanadin girma ba. Zungeru ce hedikwatar Arewa tun 1902, can aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. Da gwamnati ta tattara ta koma Kaduna, Zungeru ta dusashe, mahaɗar jirgi kuwa ta ci gaba da cika. A Minna aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, da Ben Okri a 1959, a tsakaninsu kuma Janar Ibrahim Babangida a 1941 da Janar Abdulsalami Abubakar a 1942. Garin da ya haifi waɗannan huɗu, gari ne da jirgi ya tara wa jama'a daga kowace kusurwa.

Sai a kati na biyar titi ya bayyana. Hanya ce mai faɗi, itatuwa a gefenta, kantuna masu baranda a jere, kekuna sun fi motoci yawa, babbar mota guda tana tsaye ana yi mata lodi. Duk da haka, da na kwatanta wa kawu hoton, don idonsa ya yi rauni, cewa ya yi a zamaninsu duk wanda ka gani a hanyar nan, ko dai tasha za shi ko daga can ya fito. Titin ɗan aiken dogo ne kawai.

Abubuwa biyu suka sauya wannan. Na farko, ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta cire Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma, Minna ta zama babban birni. Sakatariya da gidajen ma'aikata da bankuna suka nemi fili, ba su kuwa neme shi a bakin dogo ba, sai a bakin kwalta. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983 ta ja garin zuwa Bosso. Na biyu, a Disambar 1991 gwamnatin tarayya ta tare a Abuja. Tun daga nan fuskar Minna ta koma kallon hanyar Suleja. Duk ma'aikacin da ke barin ofis da yammacin Juma'a ya kama hanyar gida ya san ta Chanchaga ake shiga garin yanzu, ya kuma san abin da hanyar ke yi wa mota da ƙugu. Jirgin ƙasa ya yi ta ja da baya har ya kusa zama labari. An farfaɗo da zirga-zirgar Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012, amma ba ta dawo da tasha tsakiyar rayuwar garin ba. Babbar kasuwar da ke kusa da Mobil ita ma an tashe ta zuwa Kasuwar Kure. Yau direban a-daidaita-sahu yana tsallaka dogo ba tare da ya waiga ba.

Ba na cikin masu kukan zamanin da. Katunan nan ba shaidu ne masu adalci ba. Don baƙo aka buga su, ya aika gida a ga irin aikin da mulkin mallaka ke yi. A ɗaya daga cikinsu akwai mata uku a can gefe, kaya a kafaɗa yadda matan Gbagyi ke ɗauka. Ba don su aka ɗauki hoton ba, shigowa kawai suka yi. Masu ƙasar sun zama 'yan rakiya a hoton garinsu. Amma duk son ransa, katin ya yi abin da mu ba mu yi: an buga shi a takarda, an rubuta sunan wurin, gidan waya ya doka masa hatimi, ya kuma yi shekara kusan ɗari yana jira a akwati.

Tun daga 2023 gwamnatin Umaru Bago ke faɗaɗa titunan Minna, katafila tana cin gine-ginen bakin hanya. Garin na bukatar hanyoyin, babu musu. Tambayata ita ce, wa ya ɗauki hoton abin da aka rushe, ina kuma aka ajiye shi? Hotunan suna nan dubbai, amma a cikin wayoyin da za su faɗa ruwa ko a sace, babu kwanan wata, babu sunan wuri. Wannan kuwa ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye, domin tasha da gidan waya da gidan adana kayan tarihi na Minna da ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna duk na tarayya ne. Aika mai hoto ya bi titi daga Chanchaga zuwa Bosso gini bayan gini, a buga a rubuta a adana, aikin takarda guda ne daga teburin darakta.

Na juya katin ƙarshe ko zan karanta wa kawu saƙon da ke bayansa. Tawadar ta koɗe, ko gaisuwar ba ta fita. Hatimin ne kaɗai ya rage, da'ira baƙa a kan fuskar Sarauniya, da harufa biyar na sunan garin.