Kafin Ka Aika Da Kuɗin Siminti, Tambayi Lafiyar Zanen Gidanka

Jama'a, da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Legas da Ibadan da Fatakwal suna da fili a gida, kuma duk ɗan abin da suka tara can yake tafiya. Wanda ya mallaki fili a Jos Jarawa, watau unguwar nan ta Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, ya san ba a fara gini bisa ƙa'ida sai an kai zane ga hukumar raya birnin Jos, JMDB, ta amince. To, amma mutum nawa ne a cikinmu suka san cewa shi kansa zanen yana iya kamuwa da cuta tun yana cikin kwamfuta?

A da, gwanin magini a kansa yake riƙe da fasalin gini. Haka Babban Gwani Mikaila ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda aka kwaikwayi siffarsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Daga baya aka koma takarda da fensir. A 1982 kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da AutoCAD, a 2002 kuma ya sayi Revit. Shi Revit ba layuka kawai yake zanawa ba. Gidan yake ginawa ɗungum a cikin kwamfuta. Kowane bango da ginshiƙi da ƙofa yana da lambarsa, kuma daga nan ake fitar da takardun zane da lissafin kayan aiki.

Nan fa gizo yake saƙa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar adana aiki, ko intanet ta yanke alhali ma'aikaci yana haɗa nasa aikin da uwar fayil ta ofis, wani yanki yana iya lalacewa. Sai fayil ya ƙi buɗewa, ko ya riƙa rufe kansa, ko kuwa ya ba da saƙon kuskure tare da zaɓin a share abin da ya kawo matsala. Yaro mai gaggawa ya danna share, shi ke nan, ginshiƙi ya ɓace daga dukkan takardu har da lissafi, domin duk tushensu ɗaya ne. Kai kuwa kana Agege kana murna kuɗin kaya ya ragu.

Masu sanin aikin ba haka suke yi ba. Da farko sukan ajiye kwafi kafin su taɓa kome. Sa'an nan su buɗe fayil da alamar odit, wadda takan bincika shi ta gyara abin da ke gyaruwa. Bayan haka su karanta jerin gargaɗi, su rubuta lambar abin da ake zargi, su nemo shi da ita su ga ko mene ne. In ƙofa ce ko taga, a sake ɗora lafiyayyar irinta. In ginshiƙi ne, a cire shi a sake zana shi, injiniya ya duba. In abin ya faskara, a koma ga tsohon kwafin ajiya, ko a kwashe lafiyayyun sassa zuwa sabon fayil. Daga ƙarshe a gwada sabon lissafi da tsoho, a ga ko wani abu ya ɓace.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen 'yan boko ne kurum. Ran 12 ga watan Yuli 2024 ginin makarantar Saints Academy ya rushe a Busa Buji cikin Jos, ɗalibai suna aji, mutum 22 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ba kwamfuta muke ɗora wa wannan masifa ba. Abin da ta tuna mana shi ne, gini ba ya yafe sakaci, ko a zane ko a kwaɓin siminti. Bugu da ƙari, ƙasar Jos ga duwatsu ga tsofaffin ramukan kuza, saboda haka harsashi yana bukatar lura ta musamman.

Shawararmu ita ce, ka tambayi mai zanenka rajistarsa ta ARCON, injiniya kuma ta COREN. Ka nemi a buga maka zanen a takarda da hatimi da kwanan wata. In an canza wani abu, a gaya maka dalili a rubuce. Ka kuma sa wani amintacce ya je fili ya ƙirga ginshiƙai, ya gwada da abin da ke takarda, kafin a zuba dakin. Kuɗin mota daga Terminus zuwa Jos Jarawa bai kai na buhun siminti ɗaya ba.