Hirar Siyasa a Majalisun Tambuwal da Kebbe: Jam'iyya Ake Bi ko Mutum?

Gabatarwa

Kalmar majalisa tana da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Akwai majalisar da ake zaɓen wakilai su je su yi doka, akwai kuma majalisar ƙofar gida ko gindin bishiya ko teburin mai shayi, inda tsararraki kan taru bayan sallar La'asar ko Isha'i su taɓa hira. Wannan maƙala ta shafi ta biyun ce. Manufarta ita ce a duba yadda hirar siyasa ke gudana a irin waɗannan wurare a ƙasar Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, a kuma nuna cewa abin da ake gardama a kansa ya fi jingina ga mutum bisa ga jam'iyya.

Tushen Al'adar

Gardamar siyasa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Tun zamanin Jamhuriya ta Farko, lardin Sakkwato cibiya ce ta jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello, mai alamar fartanya da kirarin Salama, alhali NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, tana kiran Sawaba. A 1979 kuwa, Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke maƙwabtaka da ƙasar Tambuwal, ya zama shugaban ƙasa a ƙarƙashin NPN, Shehu Kangiwa kuma ya zama gwamnan jihar. A wannan zamani ne Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya yi ta kiran a yi siyasa ba da gaba ba. Yawan nanata wannan kira da ya yi shaida ce cewa gabar tana nan, domin ba a neman magani sai da ciwo.

Yadda Hirar Take

Wanda ya zauna ya kasa kunne zai tarar hirar tana da sigogi sanannu. Da farko ba a cika ambaton sunan jam'iyya ba, sai alamarta: a ce wane ɗan laima ne, wane ya riƙi tsintsiya, wane kuwa tun zamanin masara yake. Na biyu, hujjar da ake kafawa ta kusa ce, wadda ido ke gani, watau takin zamani, da rijiyar burtsatse, da hanyar da aka shimfiɗa wa kwalta ko aka yi watsi da ita, da ɗan wanda aka ɗauka aiki. Ko zancen Abuja aka ɗauko, kamar janye tallafin man fetur da aka yi a 2023, da kuɗin mota zuwa Sakkwato ko Jega da farashin kwanon gero ake auna shi. Na uku, habaici da zambo da karin magana su ne makaman. Mai canja jam'iyya an ce ya sauya sheƙa, mai kare ubangidansa a rediyo sojan baka ne, wanda ba ya jin kira kuma ɗan a-mutu.

Misali Daga Gida

Tarihin siyasar Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya isa misali a kan abin da ake son nunawa. A 2003 aka zaɓe shi wakilin mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai ta Tarayya a ƙarƙashin ANPP. A zaɓen 2007 a PDP ya tsaya. A watan Yuni na 2011 ya zama Kakakin Majalisar, ba tare da amincewar shugabannin jam'iyyarsa ba, waɗanda suka so Mulikat Akande-Adeola. A watan Oktoba na 2014 ya koma APC, ya ci gwamnan Sakkwato a 2015. A watan Agusta na 2018 ya sake komawa PDP. A 2023 kuma aka zaɓe shi sanatan Sakkwato ta Kudu.

Abin lura a nan shi ne, a duk wannan kai da kawowa jama'a masu yawa sun bi shi duk inda ya sa gaba, masu adawa da shi kuma suka riƙa tsallakawa ɗaya gefen. Saboda haka mutumin da ya yi rantsuwa da laima a 2011 shi ne ya zage ta a 2015, shi ne kuma ya dawo yana yabonta a 2019. Ba za a ce da shi mara alƙibla ba, domin alƙiblarsa mutum ce tun farko. Dalilan haka a fili suke. Jam'iyyun wannan zamani ba su da bambancin aƙida irin wanda ya raba NEPU da NPC a kan sarauta da haraji da matsayin talaka. Har ila yau, al'adar ubangida da bara ta riga jam'iyya zuwa ƙasar Hausa, ga kuma kishin cewa wane ɗan garinmu ne.

Illar da Ke Ciki

Zaɓen gwamna na 2019 ya nuna iyakar yadda jihar ta rabu. Hukumar zaɓe ta ce bai kammala ba, sai da aka sake jefa ƙuri'a a wasu rumfuna, sa'an nan Tambuwal ya rinjayi Alhaji Ahmad Aliyu na APC da ƙuri'a 342 kacal, a zaɓen da kowannensu ya haura dubu 500. Ahmad Aliyu kuwa shi ne mataimakinsa a zangon farko, shi ne kuma ya ci kujerar a 2023. Idan jiha ta rabu biyu haka, to ba shakka majalisu da gidaje da yawa sun rabu.

Nan ne haɗarin yake. Manyan da ake faɗa dominsu sukan haɗu wurin ɗaurin aure da ta'aziyya, gobe ma su iya zama cikin jam'iyya ɗaya. Talakan da ya ƙaurace wa majalisarsu, ko ya daina gaida maƙwabcinsa, shi ake bari da jin kunya. Wayar salula ta ƙara wa wutar makamashi, domin maganar da a da ake faɗa ta wuce da iska, yanzu naɗar ta ake yi a yaɗa, kuma babu dattijon da zai tsawata kamar yadda ake yi a gindin bishiya.

Kammalawa

Hirar majalisa makaranta ce. A nan talaka ke jin labarin ƙasa, a nan yake auna shugabanni, a nan kuma harshe ke samun sababbin kalmomi da ya kamata ɗaliban Hausa su tattara tun ba su ɓace ba. Amfaninta yana ɗorewa ne muddin mazauna cikinta sun tuna cewa jam'iyya riga ce, masu ita ma kan tuɓe ta su sa wata, maƙwabci kuwa shi za a fara kira ranar suna da ranar jana'iza.