Lambun fure a ƙasar Maradi: me ke tsallake rani?

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ana yawan sayen furanni a pepiniya da damina, amma zafin watan Afirilu da Mayu ya ƙone su. Ruwan sama a yankin daga Yuni zuwa Satumba ne kawai, kuma jigawa ba ta riƙe danshi.

Shi ya sa ya fi kyau a zaɓi tsirran da suka san ƙasar. Kariya tana ajiye ruwa a kauri na gindinta, tana kuma fure da rani, sai dai ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da yara. Lalle yana zama shinge mai ƙamshi. Buganbiliya, idan ta kama ƙasa, ban ruwa kaɗan ya ishe ta.

Darasin daga gonaki ya fito. A jihar Maradi ne, tun 1983, Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa manoma su rena tohon kututturen itace maimakon sare shi, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a kan haka. Abin da ya riga ya yi saiwa ya fi jure fari.

Ga mai sabon dashe: a yi shi farkon damina, a zuba taki ruɓaɓɓe a rami, domin ɗanye yana jawo gara. A rufe gindi da busasshen ganye, a yi ban ruwa da yamma, a kewaye da darni saboda awaki.