Daren da Masu Siddabarun Silima Ke Tona Asirinsu

A kowane watan Janairu, kafin a yi bikin ba da lambar Oska a ƙasar Amurka, akwai wani zama da akan yi a Los Anjalis wanda 'yan kallo ba su cika jin labarinsa ba. Ba taurari ne ke cika zauren ba, masu aikin siddabarun hoto ne, wato mutanen da ke sa a ga gari ya ci wuta ko dodo ya fito daga teku alhali kuwa babu ko ɗaya. Sunan barkwancin da suka laƙaba wa zaman yana nufin gasar masu toye-toye, kowa ya kawo abin da ya toya a ɗanɗana.

Ga yadda abin yake. Akan tace finafinan shekara a ware goma. Ma'aikatan kowane fim sai su hau dandamali su yi gajeren bayani, a haska gutsattsarin aikinsu na 'yan mintoci, sa'an nan abokan sana'a su yi musu tambayoyi. Daga nan a jefa ƙuri'a a fitar da biyar da za su shiga takara. Alƙalan duk 'yan hannu ne, ba a yi musu rufa-ido. Abin da mai kallo zai yi wa tafi, su nan da nan sun hango inda aka yi ɗinkin.

Kuɗi ba kullum ke magana a nan ba. A 2024 fim ɗin Japan mai suna Godzilla Minus One, wanda mutum 35 kacal suka yi wa siddabaru, ya tsallake wannan siraɗi, kuma a watan Maris ya kayar da manyan kamfanonin Amurka ya ɗauki lambar.

Amma wanda ya san sana'ar ba ya manta 2013. A fim ɗin Life of Pi an ga yaro cikin kwalekwale da damisar Indiya a tsakiyar teku, kuma a mafi yawan wuraren damisar nan ba ta taɓa numfashi ba; a kwamfuta kamfanin Rhythm & Hues ya ƙera ta, gashi bayan gashi. Ana saura kwanaki kaɗan bikin, kamfanin ya sanar wa kotu ya karye, ya sallami ma'aikata fiye da 200. Dalilin ba boyayye ba ne. Akan yanke farashin aiki tun farko, mai fim ya yi ta canza ra'ayi, asarar ta hau kan masu siddabaru. Ga kuma ƙasashe irin su Kanada da Ingila suna janye aikin da rangwamen haraji.

Ran 24 ga Fabrairu, yayin da ɗaruruwan ma'aikata ke zanga-zanga a waje, aka kira Life of Pi. Bill Westenhofer, shugaban ayarin, ya karɓi lambar, ya yi godiya, ya fara ambaton halin da kamfaninsu ke ciki. Makaɗa suka danne muryarsa da kiɗan fim ɗin Jaws, aka kashe masa makirufo. Sai bayan shekara goma, a Satumban 2023, masu siddabarun kamfanin Marvel suka jefa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago.