Ko Ka Sani? Maganin da Ya Fara Fitowa daga Wuyan Tunkiya

Ko ka san cewa a wuyan kowace tunkiya da makiyayan Gugaram ke kaiwa kasuwar Arlit akwai wata 'yar tsoka da ta taɓa zama magani a asibitocin Turai? Ja ce, ɓari biyu, manne da maƙogwaro dama da hagu. Likitoci na kiranta tayirod. Mu ma muna da ita, kuma ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo idan aidin ya yi ƙaranci a abinci.

Sinadarin da take zubawa cikin jini shi ke sa jiki ya sarrafa abinci, ya samu ɗumi da kuzari. Idan ta gaza, sai kasala ta rufe mutum, ya riƙa jin sanyi ko ana zafi, fata ta bushe, gashi ya zube, ciki ya ɗaure, mantuwa ta yi yawa. Ikon Allah, sinadarin tunkiya da na ɗan Adam iri ɗaya ne. Ko talibambam ba ya zama kwaɗo sai da shi.

A 1891 wani likita a garin Niyukasil na Ingila, George Murray, ya tatsi ruwan wannan tsoka daga tumaki ya yi wa wata mata mai shekara 46, wadda tayirod ɗinta ta gaza, allura. Ciwon ya riga ya galabaitar da ita, amma ta murmure, ta ƙara shekara 28 a duniya. Da ta rasu a 1919, Murray ya lissafa cewa maganin da ta sha ya fito ne daga tumaki fiye da 870. Makiyayi ya san girman wannan garke.

Sai dai ƙarfin abin da ke wuyan wannan tunkiya ba ɗaya yake da na waccan ba, don haka awo ya yi wuya. A 1914 Edward Kendall ya ware ainihin sinadarin a Amurka, a 1927 kuma Charles Harington da George Barger suka haɗa shi a ɗakin bincike. Daga nan aka samu ƙwayar lebotiroksin, wadda a kantunan magani na ƙasashe masu Faransanci aka fi sani da Levothyrox.

Awon nan shi ne komai. Maganin na daɗewa a jiki. Sai bayan kusan mako guda rabinsa ke fita. Shi ya sa idan likita ya ƙara ko ya rage, yawanci da maikurogiram 12.5 zuwa 25, ba a sake gwajin jini na TSH sai bayan mako 6 zuwa 8. Ga wanda ke zaune a daji da dabbobinsa, zuwa babban asibiti tafiya ce mai cin kuɗi, amma babu abin da ke maye gurbin gwajin. Wanda ya ƙara wa kansa ƙwaya don kasala ba ta sake shi ba, yana iya jawo bugun zuciya, rashin barci da raunin ƙashi.

Sau da yawa ma laifin na yadda ake sha ne. Da ruwa zalla ake haɗiye ƙwayar, ciki babu komai, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Madara, ko ta raƙumi ko ta akuya, na rage shigarta jini. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam kuwa sai an ba da tazarar awa 4. Zafi na lalata ƙwayar lebotiroksin, ga shi a Arlit yakan haura digiri 40, saboda haka kada a bar ta a mota ko inda rana ke duka. Mace da ta samu juna biyu ta sanar da likita da wuri, domin buƙatarta na ƙaruwa. Idan gwaji ya daidaita amma gajiya na nan, a nemi a duba ƙarancin jini, ciwon suga da damuwa.

Kada kuma wani ya ce zai koma wurin mahauci ya ci tsokar a matsayin magani. A 1984 da 1985 mutane fiye da 100 sun kamu da rashin lafiya a yankin Minesota ta Amurka, saboda an niƙa tayirod ɗin shanu cikin naman da suka ci. Wanda tayirod ɗinsa ta gaza ya riƙe ƙwayarsa kullum, ya riƙe ranar gwajinsa, ya bar wa likita ƙari da ragi.