Adon Bango A Bayan Murhun Ƙarfe

A ƙasashen sanyi, kamar Kanada da arewacin Amurka, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, mutane da yawa da murhun ƙarfe suke ɗumama ɗakunansu. Shi wannan murhu akwati ne na baƙin ƙarfe, da ƙofarsa, da bututu mai fid da hayaƙi waje. Akan cika shi da itace, ya kwana yana ci. To, galibin gidajen can da katako ake gina su, saboda haka bangon da ke bayan murhun shi ne abin tsoro.

Ba lalle sai harshen wuta ya taɓa bangon ba. Zafi ne kan yi ta gasa katakon sannu sannu, shekara da shekaru, har ya soma komawa gawayi daga ciki, mai gida bai sani ba. Katakon da ya kai haka kuwa, zafin da a dā ba ya yi masa kome ya isa ya tayar masa da wuta, wataƙila da tsakad dare, mutane na barci.

Don haka ƙa'idar Amurka ta ce murhun da maƙeransa ba su yanka masa tazara ba, a nisanta shi da bango inci 36, watau yadi guda. Wanda ɗakinsa ya ƙuntata sai ya kafa garkuwa, ko ta ƙarfe ko ta allon siminti, ya bar rata inci 1 tsakaninta da bango, a buɗe sama da ƙasa. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta ɗebi zafi, ta fita ta sama. Da wannan akan rage tazarar har zuwa inci 12.

Amma allon siminti ba shi da kyaun gani, shi ya sa ake lulluɓe shi da tayil, wato fale-falen tangaran masu zane. Al'adar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 17 mutanen Holan ke jera farin tayil mai shuɗin zane, irin na birnin Delft, a bakin murahunsu. A nan ne wasu ke ruɗuwa, su manna tayil a jikin bangon katako, suna zaton sun yi garkuwa. Alhali tayil ba ya ƙonewa ne kurum, amma zafi na ratsa shi ya isa ga katako.

Wajen mannawa kuma, gam ɗin nan da ake sayarwa a dame cikin bokiti ba na wurin zafi ba ne, yakan yi laushi, tayil ya zame. Kwaɓin siminti na tayil shi ne daidai, a shafa shi bai ɗaya, kada a bar kogo. Abin da zai tokare allon daga bango ya zama ƙarfe ko tangaran, ban da itace, kuma kada a kafa kusa daidai tsakiyar bayan murhu, gama ƙarfe na kai zafi.

Mai son ado yakan so ya sauke jerin ƙarshe har daɓe, ko ya ɗora kanta a bisa don ajiye kayan ƙawa. Ko wanne ya yi, ya toshe hanyar iskar. In an gama, sai a bar simintin ya yi kwanaki ya kama, sa'an nan a fara da 'yar ƙaramar wuta.