An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Zancen Mai Farar Ƙafa A Filin Ƙwallo

Ran wata Lahadi da la'asar, cikin hunturu, mun bi ta Sharada za mu gai da wani abokin aikinmu da ba shi da lafiya, sai muka iske taro a wani fili bayan katangar wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Ashe ma'aikatan kamfani biyu ne su ke wasan tamaula, watau ƙwallon ƙafa, waɗansu na nan Sharada, waɗansu kuwa sun zo baƙunci daga Challawa. Da ya ke mun yi shekaru muna tsaya wa yara a filin makaranta da usur a wuya, ƙafa ta ƙi wucewa, muka tsaya muna kallo.

'Yan Sharada ne a gaba da ci ɗaya, har ya rage kamar minti goma a tashi. Sai ga wani dattijo mai sayar da rake ya turo baronsa daga wancan gefe, gama rana ta juya, masu saye kuwa sun koma inuwa. Ya zo ya tsaya a bayan ragar 'yan Sharada, ya ɗauki wuƙa yana fere. Bai gama fere sanda biyu ba baƙi suka rama. Kafin a ce kwabo suka ƙara. Alƙalin wasa ya busa tashi, biyu da ɗaya.

Ba mu san wanda ya fara faɗa ba. Mun dai ji wata murya ta ce, "Wannan tsohon ne! Tun da ya tsaya nan abin ya lalace." Wani ya ce ai wancan karon ma da aka cinye su yana wurin. Wani ya rantse ya ga ya zuba wani abu a gindin turken raga, abin nan kuwa da muka duba ɓawon rake ne. Nan da nan samari suka kewaye shi, aka tuntsurar da baro, rake ya watse, yara suka yi wawa. Dattijo ya tsaya da wuƙarsa a hannu, ya ma manta yana riƙe da ita, yana ta cewa, "'Ya'yana, me na yi muku? Rake na ke sayarwa."

Muka kutsa, mu da waɗansu manya biyu, muka ce, "Samari, ku ji tsoron Allah, wannan sa'an kakanku ne." Ɗaya daga cikinsu, yaro mai ladabi kuwa ga dukan alama, ya rusuna ya ce, "Malam, ba ka san shi ba ne. Farar ƙafa gare shi."

To, ga abin da idonmu ya gani a filin nan, kuma ba mu kaɗai muka gani ba. Ci na fari, masu tsaron baya ne suka tsaya cik suna ɗaga hannu wai an yi satar gida, alƙali bai busa ba, mutum ya wuce su ya zuba. Na biyu kuwa daga hannun gola ta suɓuce, gola da aka ce mana daga aikin dare ya fito, bai runtsa ba. Wanda ya fara ɗaga hannun nan, ya sa sauran suka tsaya, shi ne kyaftin ɗinsu, kuma shi ne helumansu a wurin aiki, shi ke rubuta sunan wanda zai sami aikin ƙarin lokaci. Wa zai buɗe baki ya ce da heluma kai ka jawo? Golan kuwa abokin kowa ne, gobe tare za a ci abinci a bakin ƙofar kamfani. Amma mai rake ba shi da kowa a wurin, ba ya cikin littafin albashi, ba wanda zai haɗu da shi Litinin da safe ya ji kunya. Shi ya sa aka bar jaki aka doki taiki.

Wannan kalma, farar ƙafa, tsohuwa ce a bakin Bahaushe, kuma tun asali ba a kan jefa ta sai ga wanda ba zai iya ramawa ba. Amarya ta tare, wata bai cika ba kasuwar miji ta karye, sai a ce farar ƙafa gare ta, ba wanda zai tambayi yadda mijin ya ke riƙon jarinsa. Yanzu kalmar ta sami sabon gida a wurin ƙwallo. Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallo a Bompai ko Sharada daren da manyan kulob na Ingila su ke karawa ya san akwai mutum guda da a ke yi wa ihu in ya ɗaga labule, "Kai, koma, kada ka shigo sai an tashi!" Yawanci raha ce, shi ma ya kan yi dariya, har ya riƙa tsokana da ita. Ba mu ga laifin raha ba, gama mutumin da ya wuni a gaban inji yana bukatar abin da zai yi wa dariya. Amma mun lura ita wannan raha ba ta da birki. Ran da aka sa kuɗi a kan wasa, ko aka sha kashin da ya yi zafi, sai dariya ta ɗauke, sunan kuwa ya riga ya manne.

Kada mai karatu ya zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai, ko kuwa rashin ilmin zamani ne ya kawo shi. Mutanen Birazil, waɗanda ba a fi su sanin ƙwallo ba, suna da tasu kalmar, su kan ce mutum mai sanyin ƙafa ne. Sun liƙa wa mawaƙin nan na Ingila, Mick Jagger, wannan suna, domin a gasar cin kofin duniya ta 2010 ya je kallon Amurka Gana ta fid da ita, ya je kallon Ingila Jamus ta fid da ita, ya je kallon Birazil Holan ta fid da ita. Da aka gan shi kuma a filin Belo Horizonte a 2014, ranar da Jamus ta zuba wa Birazil bakwai da ɗaya, sai aka ce magana ta tabbata. Sai dai shi attajiri ne, ya hau jirginsa ya yi gaba, abin bai rage shi da kome ba.

Wanda abin ya rage shi da yawa wani saurayi ne a birnin Shikago ta Amurka, kuma labarinsa ya isa a tsaya a kansa. A can suna da wani wasa da su ke kira besbol, wanda a ke jefo 'yar ƙaramar ƙwallo mutum ya maka mata sanda. Dokarsa ita ce, in abokan hamayya suka cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita. Al'adarsu kuma ita ce, ƙwallon da ta faɗa cikin 'yan kallo ta wanda ya kama ce, ya tafi da ita gida, saboda haka kowa hannu ya ke miƙawa.

Akwai kulob a birnin da a ke kira Cubs, wanda a lokacin rabonsa da babban kofin ƙasar tun 1908. Har suna da nasu camfin, wai a 1945 an kori wani mai gidan shaye-shaye daga filin saboda ya shigo da bunsurunsa, shi kuwa ya yi musu baki. Ran 14 ga Oktoba, 2003, suna wasa da kulob ɗin Marlins na Fulorida a filinsu na Wrigley, suna gaba da uku ba ko ɗaya, wasa ya kusa ƙarewa, in sun ci kuwa sun kai ga karawar ƙarshe da suka yi shekara 58 ba su kai ba. Sai aka bugo ƙwallo ta nufi bakin katangar 'yan kallo. Ɗan wasansu, Moises Alou, ya yi tsalle zai cafe. Mutane da dama suka miƙa hannu kamar yadda aka saba, ta taɓa hannun wannan saurayi mai shekara 26, wanda shi kansa masoyin Cubs ne tun yana yaro. Alou bai kama ba, ya yi fushi a gaban kowa. Alƙali ya ce ba a yi laifi ba, gama ƙwallon ta riga ta shiga wajen 'yan kallo.

Ku lura da abin da ya biyo baya. A lokacin nan har yanzu Cubs ke gaba da uku. Jim kaɗan wani ɗan wasansu, Alex Gonzalez, ya saki wata ƙwallo mai sauƙi wadda ya saba kamawa kullum. Marlins suka ci takwas a wannan zagaye kaɗai, aka tashi takwas da uku. Kashegari kuma aka sake karawa, wasan da ko da sun ci shi da sun wuce, saurayin nan ba ya ko kusa da filin, aka sake cinye su tara da shida. Duk da haka sunan da birni ya riƙe nasa ne. Tun a daren aka yi ta jifansa da zagi da abin sha, sai da masu gadi suka lulluɓe shi suka fitar da shi. Jarida ta buga sunansa da wurin aikinsa, 'yan sanda suka tsare ƙofar gidansu. Ita ƙwallon ma ba ta tsira ba: wani gidan abinci ya saye ta a kan dala fiye da 113,000, aka tara jama'a a watan Fabrairu na 2004 aka tarwatsa ta da nakiya, wai a karya tsiya. Ga mutanen da suka sauka a kan wata ke nan.

Shi kuwa ya ba da haƙuri a rubuce a kan laifin da ba nasa ba, sa'an nan ya yi shiru. An yi masa tayin kuɗi ya fito ya yi magana ko ya yi talla, ya ƙi. Sai a 2016 Cubs suka ci kofin, bayan shekara 108, a 2017 kuma shugabannin kulob suka ba shi zoben nasara irin wanda a ke ba 'yan wasa. Abin kirki ne suka yi, amma shekara 14 na ƙuruciyar mutum ba zobe ke mayar da su ba. Mun bar sunansa da gangan, gama an kira shi ya isa.

Mu komo gida. Mutanen Kano suna da dalilin alfahari da Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci kofin lig na ƙasa a 2008, sa'an nan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ta yi shekara 12, wasa sama da 200, ba a cinye ta a gida ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi da ci biyu da ɗaya. Kirarin Sai Masu Gida ba a banza ya samu ba. Amma a ganinmu wannan doguwar nasara ta bar wani mugun gado a zukatan waɗansu matasa, watau sun tashi da imanin cewa ba a cin mai gida a gidansa sai da dalili na ɓoye. Wanda ya gaskata haka kuwa, ran da aka ci shi ko aka yi kunnen doki, ba zai tambayi ina aka yi kuskure ba, sai dai ya tambayi wane ne ya yi mana.

A babban fili wanda a kan kama alƙalin wasa ne ko baƙi. A watan Afrilu na 2022, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, 'yan kallo suka far wa motar Katsina United suka farfasa ta. Hukumar lig ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta zare mata maki 3, ta mai da wasanninta na gida Abuja. A ƙarshen kakar nan kulob ya faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ya komo. A watan Oktoba na 2025 kuma, da Shooting Stars ta Ibadan ta rama ci ana dab da tashi, jama'a suka ɓarke cikin fili suka auka wa alƙalai da baƙi, aka sake cin tara fiye da naira miliyan 9, aka sake zare maki 3, aka tura su Katsina. Kowane karo makin da masoya suka zubar da hannunsu ya fi wanda su ke kuka an ƙwace musu.

Mu da aikinmu horon malamai ne ba za mu wanke hannunmu daga wannan ba. Samarin nan da suka tuntsurar da baro sun bi ta ajin wani daga cikinmu. Mu kan koya wa ɗalibin malanta yadda zai auna fili da yadda zai busa usur, amma da wuya mu zaunar da shi mu ce, ran da aka cinye yaranka, ka tara su kafin su watse, ka tambaye su ɗaya ɗaya ina ƙwallon ta bi, wa ya kamata ya tare, har su saba da cewa "ni ne" ba tare da jin duniya ta tashi ba. Mun sha ganin malami da kansa ya dawo daga wasa yana gaya wa yara an yi musu asiri a wancan gari, don kada hedimasta ya tambaye shi sau nawa ya fita da su atisaye.

Ranar nan dai mun taya dattijon tattara abin da ya saura, sanda bakwai ne da rabi. Muka ba shi ɗan abin da ke aljihunmu, ya ƙi karɓa sai da muka ɗauki rake biyu. Muka ce, "Baba, ka yi haƙuri, yara ne." Ya ce, "Ba kome, Malam. Ni ban ma san wa ya ci ba."

Bayan mako uku mun sake bi ta wurin. Ana wasa, 'yan Sharada ne kuma, da wani kamfani na Bompai. Mun duba bayan raga biyu ba mu gan shi ba. Wani mai shayi ya ce mana tun ranar bai ƙara zuwa ba, ya koma bakin titi, inda ciniki bai kai rabin na fili ba. Muka tambayi nawa da nawa a ke. Aka ce Bompai ke gaba da uku.